Alamar da Aka Dasa a Kango

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Matar gidan tana kwashe shanya. Ta tsaya da riga a hannu, ta kasa kunne. Na biyu ya faɗa cikin bokitin wanki, ruwan bai ko motsa ba.

Mijinta mai haɗa manhajar waya ne. Wata uku yana fama da wata taswira da ya ƙara wa ƙararrawa: mutum ya sa alama a wuri, da ya iso wurin sai wayarsa ta yi ƙara, ta kuma nuna masa inda zai samu waifai na shiga intanet. Don gwaji ya dasa alamar a kangon bayan gidansu, wai can babu kowa. Ya kafa na'urar waifai a tagar da ke kallon kangon, ya raba wa maƙwabta lambar sirri. Tun daga nan, kullum da yamma kangon sai ya cika da mutane, wayoyi na ta kuka.

Da ta yi masa maganar jifan, bai ɗago kai daga kwamfuta ba. Ya ce ita da ko taswirar ba ta iya karantawa, me ta sani.

Rana ta huɗu da fara jifan, 'yarsu mai shekara shida ta ƙi abinci, ta zauna tana fuskantar bango. Mahaifiyar mijin ta ɗauko malam.

Malam ya yi ta karatu a kanta har muryarsa ta dushe. A hankali yarinyar ta juyo. Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinta, busasshiya.

"Wa ya nuna wa mutane ƙofata?"

Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce tana kangon tun ba a haƙa harsashin gidan nan ba. Yanzu ana zama a kan 'ya'yanta, ƙarfe na kuka a kunnuwansu. An taka nata 'ya'yan, ita ma ta riƙe 'yar wani. Ba za ta saki ba sai an goge taswirar.

Malam ya dubi mijin.

"Dukkanta?" in ji mijin. "Malam, ba za a rage ba?"

Yarinyar ta yi wata dariya marar daɗi, ta zuba wa uwarta ido.

"Kin ji, uwar yarinya? Ciniki yake yi."

Malam ya daka wa tsohuwar tsawa, ya ce ba ta da iko da sauran gari. Alamar kangon za a cire, a sauke na'urar. Ta yi gunaguni, ya ƙara karatu, ta yarda. Mijin ya goge alamar. Yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale ƙasa, barci ya ɗauke ta.

Mijin ya miƙa hannu zai ɗauke ta, matar ta riga shi. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Bar ta," ta ce. "Je ka duba abin da aka rage maka."