Filon Ranar Alhamis

Ranar Alhamis, ƙarfe uku da rabi na yamma, aka dawo da Malama gida daga asibiti, cikinta na wata huɗu ya zube. Saura rabin awa mijinta ya kira.

Mijin nata soja ne, kowa Kofur yake ce masa. Wata uku ke nan da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta ƙetaren teku. Sansaninsu babu netwok sai ranar Alhamis ƙarfe huɗu, a ba kowa minti goma na kiran bidiyo. Da zai tafi sai ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna, ya kawo ta gidan don su ɗebe wa juna kewa.

Malama na kwance a doguwar kujera, Inna na yi mata fifita, sai ga maƙwabciyarsu matar Saje ta shigo jaje.

“Sannu ƙanwata, Allah ya mayar da alheri. Amma ki ji ni da kyau, kar ki kuskura ki gaya masa.”

“Anti, ɗansa ne fa...”

“Shekarata goma sha tara ina auren soja. Ba a gaya wa mai riƙe da bindiga mummunan labari! Hankalinsa ya rabu biyu, ya je ya taka abin da bai kamata ya taka ba. Haka muka tarar, haka muke yi.”

Inna ta dafe ƙirji. “Shi kaɗai gare ni! 'Yar nan, na rasa jika, don Allah kar ki sa in rasa ɗa.”

Wayar ta yi ƙara. Fuskar Kofur ta cika gilashin, baki har kunne.

“Malamata! Yaya Kurtu?” Haka ya raɗa wa cikin suna tun kafin ya tafi, wai sabon soja ne.

Ta dubi Inna. Inna ta haɗa hannuwa biyu tana roƙo.

“Lafiya lau yake,” in ji Malama.

Bayan wata guda ya ce ta miƙe tsaye ya ga yadda Kurtu ya girma. Ta ce caji ya ƙare, ta kashe wayar. Washegari Inna ta samo ƙyalle da auduga, ta ɗinka ɗan ƙaramin filo mai igiya biyu. Duk bayan mako biyu sai ta farke gefe, ta ƙara auduga cikin tafin hannu ɗaya, ta mayar ta ɗinke. Ba ta taɓa mantawa ba.

Kullum Malama tana zuwa makaranta da shafaffen ciki, tana koya wa 'yan aji biyu rubutu. Ranar Alhamis ta dawo, ta ɗaura filo a ƙarƙashin doguwar riga, ta zauna jiran ƙarfe huɗu.

“Matso da wayar kusa,” yakan ce. Sai ya rage murya. “Kurtu, Babanka ne. Ban da shurin Mama, ka ji? In na dawo zan koya maka fareti.”

Ita kuwa tana riƙe da wayar a kan auduga, ta ɗaga kai sama don kar hawaye ya ɗigo a gilashi. Wata rana ya nuno mata takalma jajaye, ba su kai tsawon yatsansa ba. A kasuwar kusa da sansani ya saya. Da aka katse kiran ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba.

Da lissafi ya kai wata takwas, matar Saje ta sake shigowa da shawara.

“Saura wata huɗu su dawo, haihuwa kuma ta matso. Wata ƙanwata da muke ciki ɗaya na gab da haihuwa. Mu ari jaririn na minti goma kawai, ya gani hankalinsa ya kwanta. In ya sauka lafiya a yi masa bayani.”

Inna ta gyaɗa kai. “Dabara ce.”

“Inna, filo na ɗaura, na yi shiru,” in ji Malama. “Amma ɗan mutane? In rungume shi in ce wa mijina naka ne? Wallahi ba zan iya ba!”

“Au, so kike ki kashe min shi?”

Malama ta tashi ta shige ɗaki. Ranar Alhamis ta jingina wayar a jikin kofi a kan tebur, ta ja da baya yadda zai gan ta duka.

“Sojana, ka yafe min.”

Ta kwance igiyar. Filon ya faɗo ƙasa.

“Tun wata huɗu da suka wuce babu shi. Tsoro muka ji kar...”

Kofur ya dubi filon, ya dube ta, sannan gilashin ya yi baƙi. Ko minti uku ba su ci ba.

Alhamis ta zo, bai kira ba. Wata ta zo, shiru. Inna ta daina cin abin da Malama ta dafa, ta koma kunna nata risho a ƙofar ɗakinta.

“In aka kawo min kakinsa a leda, ke ce!” Abin da take faɗa ke nan duk sanda suka haɗu a tsakar gida.

Malama ba ta rama ba. Kullum da safe takan durƙusa ta gaishe ta, ta aje mata maganin hawan jini da ruwa. Ranar Alhamis ta cika waya da caji, ta zauna har ƙarfe biyar. Ta uku ma haka ta wuce.

A ta huɗu wayar ta yi ƙara. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

“Kira min Inna ta zauna kusa da ke,” ya ce.

Inna ta zo da gudu, ɗankwali a hannu.

“Lafiyata ƙalau, Inna. Fushi na yi. Rashin ɗa daga Allah ne, wannan na ɗauka. Amma wata uku ina yi wa auduga magana, abokaina suna ta ce min baban Kurtu!” Ya share fuska. “Sai da na huce na tuna, ni minti goma nake yi a mako. Ita fa? Ita ce ke ɗaure filon a inda ɗanta ya kwanta. Inna, kayan da mutum biyu za su ɗauka, in aka ɗora wa ɗaya ba tausayi aka yi ba. Da kun gaya min, da mun yi kukanmu tare, an wuce wurin.”

Inna ta fashe da kuka, ta kamo hannun Malama. “Ni na ɗinka shi, ni na cuce ki, 'yar nan. Ki yafe min.”

“Ba komai, Inna. Tsoro ne, ni ma na ji shi.”

“Malamata,” in ji Kofur, “saura minti shida. Gaya min yadda aka yi tun daga farko.”

Ta gaya masa.

Bayan wata uku rundunarsu ta dawo, yana ciki, da ƙafafunsa. Shekara ɗaya da rabi bayan nan Malama ta haifi 'ya mace. Jajayen takalman sun yi mata daidai tana da wata bakwai.