Ƙwallon Katako a Ajin Turanci

Ranar da ta fara ganinsa, a tsugune yake yana gyara ƙafar bencin da za ta zauna a kai. Ajin Turanci ne na manya, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki, mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Ta ɗauka mai gyara aka kira. Sai da ya kakkaɓe wandonsa, ya zaro biro daga bayan kunne ya zauna kusa da ita, sannan ta gane ɗalibi ne.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Can da ƙyar ya ce, "Y-y-yawwa," ya sunkuyar da kai.

'Yar Kemis, kamar yadda 'yan ajin suka raɗa mata saboda shagon maganin da take aiki, ba in'inar ta gani ba, idanunsa ta gani. Ranar dai ba ta rubuta abin kirki ba.

Malamarsu ba ta yarda da koyo a zaune ba. Takan tashe su tsaye su yi da'ira.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji ta. "Bayan to da from da with da beside, Turanci ba ya karɓar I ko she ko he. Sai dai me, her, him, us, them. Baki ne zai saba, ba littafi ba."

Sai ta jefa wa mutum tsohon dasta na goge allo. Wanda ya cafe ya ce, "From her to me," ya jefa wa wani yana cewa, "From me to him." Ƙurar alli ta yi ta sa su atishawa, har Kafinta, mai in'inar nan da ya gyara benci, ya zo musu da ƙwallon katako da ya sassaƙa da hannunsa, sumul kamar ƙwai.

'Yar Kemis ce ta fara lura: in ƙwallon yana hannunsa, babban yatsansa na ɗan buga shi, maganar takan fito masa da sauƙi. Ta tura masa saƙo.

"Gwanina, yau ka ce with her ba ka tsaya ba. Na ji ka."

Amsa ta zo nan take. "Ai don ke nake kallo ne, Hasken ajinmu. Da Malama nake kallo, da har yanzu ina kan harafin farko."

Ta yi ta dariya ita kaɗai a bayan kanta, har wata tsohuwa mai sayen maganin tari ta tambaye ta ko lafiya.

Matsalar tana gida. Abbanta tsohon dillalin gidaje ne, da baki ya ciyar da iyalinsa, kuma ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance. Da Kafinta ya zo gaishe shi, Abba ya jero masa tambayoyi, ya kuma riƙa amsa su da kansa tun bawan Allah bai haɗiye yawu ba.

"Ba sana'arsa na raina ba," Abba ya ce bayan ya tafi. "Amma mijin da ba zai iya tsayawa gaban likita ko mai gidan haya ya yi magana a madadinki ba, hannun wa na sa ki? Ga yaron nan mai tabarau na ajinku, bakinsa kamar famfo."

Mai Tabarau akawu ne, shi ma ya fara zarya a gidan.

Umma tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai ma ai ba ka bar shi ya ƙarasa ko jimla ɗaya ba."

Ana cikin haka Malama ta sanar da taron rufe aji, inda iyalai za su zo, ɗalibai su fito biyu-biyu. Ta haɗa 'Yar Kemis da Mai Tabarau. Kafinta ya daina zuwa, sai saƙo ya turo.

"Na ji kin zaɓi wanda ba zai ba ki kunya gaban Abba ba. Kin yi daidai. Allah ya ba da sa'a."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta rufe shago ta same shi a wajen aikinsa, garin katako har gira.

"Ni na zaɓa? Malama ce ta raba mu. Na je na ce mata ko da kai, ko ba zan fito ba. Kai kuma ka zo ka ɓuya a bayan katako!"

"A-Abba zai zo."

"Ai shi ya sa nake son ka fito, Gwanina."

Ranar taro ɗakin ya cika. Abba da Umma suna bencin gaba. 'Yar Kemis da Kafinta suka fito, ta jefa masa ƙwallon. "From me to you." Ya cafe. "From you to me." Lafiya lau. Sai Malama ta ce kowa ya ƙirƙiro jimlarsa.

Kafinta bai dubi Malama ba, Abba ya fuskanta.

"I want to stand b-b-b..."

Kalmar ta maƙale. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Daga bayan ɗakin Mai Tabarau ya ɗaga murya yana dariya, "Bari in taimaka masa, yana nufin..."

"Kai, yaro!" Abba ne ya ɗaga hannu. Umma ta ɗan taɓa shi da gwiwar hannu, amma ba wannan ne ya sa shi magana ba. Ya ga gumi na zubo wa Kafinta, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai sunkuyar da kai ba, bai kuma nemi wurin zama ba. "A bar shi ya ƙarasa."

Yatsan ya bugi katakon.

"Beside her," Kafinta ya ce. Sai ya koma Hausa. "Abba, bakina yana jinkiri, amma ba ya f-fasawa. Duk inda take buƙatar a tsaya mata, zan tsaya har sai an saurare ni."

Tafi ya ɓarke. Ita kam hawaye take yi tana dariya, ko kunya ba ta ji ba.

Abba ya miƙe, ya buɗe tafukansa. "Jefo nan." Ya cafe ƙwallon, ya juya shi yana duba aikin. "Malama, yaya ake cewa daga gare ni zuwa gare shi?"

"From me to him."

Abba ya dubi 'yarsa, ya maimaita da Turancinsa na dillalai, ya mayar wa Kafinta ƙwallon. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure 'yan ajin duka sun zo, har Mai Tabarau, wanda ya fi kowa yawan magana. Da yamma ango ya durƙusa gaban surukinsa zai yi godiya, kalmar farko ta maƙale masa. Amarya ta saci kallon mahaifinta. Mutumin da bai taɓa jiran ƙarshen zancen kowa ba ya harɗe hannuwa, ya yi shiru, ya jira har ƙarshe.

Sannan ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

"Amin," in ji Kafinta, ba tare da ya tsaya ba.