Magariba Biyu

Ragar Matsar-Gajimare ta buɗe da ƙarfe biyar na yamma. Faffaɗan zane ne na ƙarfe mai sanyi a saman wata doguwar hasumiya, yana tare iskar sama ya tatse laimar da ke cikinta, ruwan ya bi bututu ya gangara kilomita uku har cikin Birnin Raɓa. Rijiyoyi sun daɗe da ƙafewa, da wannan hasumiyar gari ke sha. Mutum ɗaya ake bari a can ƙololuwa yana share matatar ruwan da duba allon awo. Wata bakwai ke nan Tabawa ce a wurin.

Ba ta da abokin magana sai ƙugin iska. Ko tsuntsu ba ya kaiwa nan. Amma ba ta taɓa ƙorafi ba, sai da azumi ya kama.

Mahaifinta, Malam Bawale, shi ne ladanin masallacin da ke gindin hasumiyar. Ranar farko ya kira ta, ya ajiye wayar kusa da lasifika don ta ji kiran salla su sha ruwa tare. Ta ɗauki dabino, ta waiga tagar yamma. Ga rana nan jajawur, ko gefenta bai taɓa ƙasa ba. Ta mayar da dabinon. Sai bayan minti bakwai rana ta faɗi.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Duniya a dunƙule take kamar tulu. Wanda ke ƙasa, doron tulun ne ke fara tare masa rana. Wanda ya hau sama kuwa yana leƙa bayan doron, shi ya sa yake ci gaba da ganinta. Haka Tabawa ta yi wa mahaifinta bayani washegari, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

Ya yi dariya. "Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wato ku na sama har rana ma an ware muku taku?"

"Baba, da idona na gani."

"Ni ma da idona nake gani. Na je Agadas a mota, na je Fatakwal, ban taɓa jin muna gangarawa ta gefen tulu ba. Ƙasa tabarma ce. In rana ta faɗi ta faɗi."

Ta tura masa hoto. Ya ce na'ura ce ta zana. Ta tura na biyu, sai muryarsa ta canza.

"Jinkirta buɗa-baki ba tarbiyyar gidana ba ce. In kiran sallata ƙarya ne a wurinki, ki faɗa mini kai tsaye."

Daga ranar bai sake kira ba. Kwana goma sha ɗaya tana shan ruwa ita kaɗai, wayar na kife a kan tebur. Takan hango fitilun gari suna kunnuwa a ƙasa, ta san kowa ya kai loma baki, ita kuma tana zaune da rana a fuska.

Ranar hutunta ta sauka ta durƙusa gabansa. "Baba, sau ɗaya kawai. Ka shiga guga tare da ni."

Guga ake ce wa ɗakin gilashin da ke hawa da mutane, minti uku yake yi ya kai ƙololuwa. Malam Bawale ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa na'ibinsa ya karɓi kiran yau.

Suka tsaya a bakin guga suna fuskantar yamma. Rana ta nutse sarai. Aka kira salla. Ya ci dabino, ya kurɓi ruwa, ya dube ta. "To, malama. Ta faɗi ko ba ta faɗi ba?"

"Ta faɗi, Baba. Bismilla."

Ƙofa ta rufe, guga ya ɗaga. Rufin gidaje ya yi ƙasa. Can bakin sararin yamma wani jan zare ya ɓullo, ya yi kauri, ya zama rabin faifai. Rana ce take fitowa, tana hawa.

Tabawa ta juyo da murmushi, sai ta ga ba ya tsaye. Ya zube a ƙasan guga, carbinsa ya faɗi.

"Innalillahi... daga yamma. Uwata, daga yamma take fitowa! An rufe ƙofar tuba!"

Ta lissafa tsayi, ta lissafa minti, amma ko sau ɗaya ba ta tuna abin da wannan gani yake nufi ga mutumin da ya yi shekaru yana karanta alamomin tashin ƙiyama ba. Ta riƙe kafaɗunsa.

"Baba, dube ni. Wallahi ba ita ta dawo ba, mu ne muka bi ta. Mu ne muke hawa!"

Har suka kai sama yana istigfari. Ta zaunar da shi a kujerarta gaban taga. Ya zuba wa rana ido har ta sake faɗuwa a gabansa karo na biyu.

"Dabinon da na ci fa?" ya tambaya can ƙasa-ƙasa.

"Azuminka na nan. A inda kake tsaye ta faɗi."

Ya gyaɗa kai. "Tulu ne," ya ce. "Kin yi gaskiya."

Kwana goma sha ɗaya tana jiran wannan maganar. Da ta zo, ba ta ji daɗin komai ba.

Washegari bai kira salla ba. Rana ta biyu ma haka. Na'ibi ya zo, liman ya zo, ya ce musu shekara talatin da ɗaya yana shaida wa jama'a rana ta faɗi, ashe ɓuya kawai take yi masa. Ba zai ƙara shaidar abin da idonsa bai gama gani ba.

Rana ta uku wayar Tabawa ta yi ƙara ana cikin kiran magariba. Tana jin motsin kwanuka a bayansa, mutanen gida sun fara ci.

"Uwata, rana tana nan?"

"Tana nan, Baba. Amma kai ka sha ruwa, taku ta faɗi."

"Zan jira. In ta faɗi a wurinki ki faɗa mini."

Ta roƙe shi, ya ƙi. Haka suka zauna, shi a ƙasa da kofi a hannu, ita a sama.

A allon awo saƙon hukuma na nan tun safe: gajimare ya ƙara yin nisa, baɗi za a ɗaga hasumiyar zuwa kilomita biyar. Tabawa ta yi lissafin a zuci. Minti tara.

"Har yanzu?" ya ce.

"Saura kaɗan, Baba."