Ruwan Zafi a Akwatin Furanni

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Rana ta gangara bayan katanga, kaji sun fara taruwa a bakin akurki, Kafinta kuma yana tsugune a bayan gida yana iza wuta ƙarƙashin babbar tukunya. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Auta duk da cewa ita kaɗai Allah ya ba shi, tana tsaye da tsumma a hannu tana jiran ruwan ya tafasa.

Lambun nan na matarsa ne. Lokacin da ciwon baya ya hana ta sunkuyo, shi ya harhaɗa mata akwatunan katako masu tsayi har ƙugu, ya cika su da ƙasa da taki don ta yi shukarta a tsaye. Akwai na tumatir, akwai na latas, akwai na albasa da karas, sai na ƙarshe can jikin katanga inda inuwa ba ta ɗagawa, wanda ta ware wa furanni. Ta rasu Auta tana 'yar ƙarama, ta bar masa yarinya da kaji da lambu. Mutum ne da ya san katako kamar yunwar cikinsa, amma a lokacin ko latas da ciyawa ba ya bambancewa. Yayarsa, wadda Auta ke kira Gwaggo, har tsokanarsa take yi, wai in tumatir ya ƙi tsayuwa ƙusa zai buga masa. Bai taɓa ramawa ba. A hankali ya koya, ya kashe shuka da yawa kafin hannunsa ya faɗa, kuma bai yarda akwati ko ɗaya ya bushe ba.

A bana ne furannin suka fara yaushi. Ya tona ya tarar tsutsa ta cinye saiwoyin. Mai sayar da iri ya ce masa abu ne mai sauƙi: ya ciro furannin ya ajiye a bokiti, ya kwarara wa ƙasar tafasasshen ruwa ya kashe tsutsar da ƙwayayenta, in ta huce ya mayar da su. Shi ya sa ya jira ya dawo daga shago, ya ɗora tukunya da yamma.

Suka kama tukunyar su biyu, ya ɗora ta a bakin katako, Auta ta karkata ta. Hankalinsa yana kan furannin da ke bokiti, ko za su rayu ko ba za su rayu ba, ko bisimilla bai yi ba. Ruwan ya sauka, tururi ya tashi ya rufe musu fuska. Sai wani ɗan siririn kuka ya fito daga cikin ƙasar, kamar an taka ɗan tsako, ya ja kaɗan ya yanke. Kajin da ke ta hayaniya suka yi tsit gaba ɗaya.

"Baba, ka ji?"

"Katako ne," ya ce. "In ya sha zafi haka yake yi."

Ya faɗa ne kawai. Duk shekarunsa a sana'a bai taɓa jin katako ya yi irin wannan kukan ba.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ƙananan duwatsu ne ke sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan ba shi da inda za shi. Kafinta ya zagaya bayan katanga bai ga kowa ba. Da ya tsinci ɗaya daga cikin duwatsun sai ya ji shi da ɗumi, ga baƙar ƙasar lambu manne a jikinsa. Kaji suka daina ƙwai. Kazar da ke kwanci ta tashi ta bar ƙwayayenta suka yi sanyi. Furannin da ya mayar cikin akwati suka kwanta, ba su ƙara ɗagowa ba.

Daga nan abin ya koma kan Auta. Yarinya mai surutu, wadda in ta dawo daga makaranta sai ta ba shi labarin kowa har ya ce ta bar shi ya ji da kunnensa, ta koma shiru. Da rana tana kwance tana kallon bango. Da zarar inuwar katanga ta rufe lambu sai ta miƙe, ta tafi akwatin ƙarshe, ta tura yatsunta cikin ƙasar tana lalube a hankali. In ya kira ta ba ta juyowa.

Wata yamma yana ban ruwa, bayansa yana wajenta, sai ya ji an ce, "Baban Auta, ka bar albasar nan da ƙishi."

Bokitin ya suɓuce daga hannunsa. Muryar matarsa ce, da 'yar dishewar nan tata, da yadda take jan ƙarshen magana in tana mita cikin wasa. Ya juya. Auta ce zaune a gindin akwati, idanunta a rufe, bakinta yana motsi.

Kafinta ba jahili ba ne. Ya san wanda ya tafi ba ya dawowa, ya kuma san abin da ya kamata uba ya yi a wannan daƙiƙar. Amma kewa mugun abu ce. Maimakon ya fita neman taimako, sai ya jawo kujera ya zauna. Muryar ta tambaye shi ko har yanzu yana mantawa da ma'auninsa a aljihu a wanke da shi. Ta yi masa faɗan ramar da ya yi. Ya yi dariya, ya yi kuka, har duhu ya rufe su, yarinyar ta sulale ƙasa, ya ɗauke ta ya kai ɗaki. Gobe ma ya rufe shago da wuri ya jawo kujerar, jibi ma haka. Kullum yana ce wa kansa yau ce ta ƙarshe, kullum kuma Auta tana ƙara sauƙin ɗauka a hannunsa.

Gwaggo ce ta zo ba zato ta same su a haka. Ta tsaya a bakin ƙofar lambu ta saurara, ta dubi wuyan yarinyar da ya zama kamar kara, sannan ta dubi ƙaninta.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi. Kana zaune kana hira, ana cinye maka 'ya a gabanka?" Ta nuna shi da yatsa. "Wadda kake saurara ɗin, da tana raye, wallahi da ba ta yafe maka wannan ba."

Ba ta ko zauna ba ta juya. Kashegari bayan la'asar ta dawo da wani malami, dattijo mai sanyin magana wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai yi tambaya da yawa ba. Ya zagaya akwatunan, ya daɗe tsaye a kan na ƙarshe, ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da shi. Gwaggo ta zauna ta rungume Auta ta baya. Malam ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, rana tana ja da baya a kan katanga.

An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai yatsun yarinyar suka dunƙule, bayanta ya sandare, ta buɗe baki da muryar marigayiya. "Baban Auta, ka ce ya bari. Yana ƙona ni."

Kafinta ya yunƙura. Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ci gaba da karatu, ya ƙara ƙarfi. Da ya kai aya sai ya ce, "Ajiye muryar da ba taki ba. Yi magana da taki."

Abin da ya fito bayan nan murya ce ta mace, busasshiya, wadda kuka ya gama cinyewa.

"Ga ni."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Maƙwabciyarsu ce ni. Tun ba a kafa katakon nan ba nake wurin nan." Ta ja numfashi. "Ɗana nake kwantarwa a cikin ƙasar furannin, saboda sanyinta. Matar gidan ba ta taɓa ganinmu ba, amma ba ta taɓa zuba ko ruwan sanyi ba sai ta yi bisimilla, mu kauce. Ranar nan na tafi na bar shi yana barci. Ko tafiya bai fara ba."

Gwaggo ta fashe da kuka. Kafinta ya durƙusa a kan ƙasa.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam, kuma da gaske ya faɗa. "Amma ba su gan shi ba. Yarinyar nan ba ta san komai ba."

"Hannunta ne ya karkata tukunyar."

"Ni na dafa ruwan," Kafinta ya ce da ƙyar. "Ni na sa ta. In rai kike so, ga nawa."

"Me zan yi da ranka?" Kan yarinyar ya juyo wajensa, idanun a rufe. "Na shigo ne in tafi da ita, ka ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Sai na ga yadda kake kallon akwatin nan, na ce bari in gwada ka da muryar da na shekara ina ji ta bayan katako. Ka ba ni 'yarka da hannunka. Kowace yamma kai kake jawo kujera." Kan ya juya wajen Malam. "Malam, ba ni nake riƙe da ita ba yanzu. Shi yake riƙe da ni."

Malam bai musa ba. Ya juya ya dubi Kafinta, kallon da ba faɗa a cikinsa.

"Ga shawara," muryar ta ci gaba, ta yi laushi. "Ku bar mini ita da magariba kawai. Da rana taku ce. Ni in sami jikin da zan yi kuka a ciki, kai ka sami matarka."

"Jikin nan ba zai kai wata guda a haka ba," in ji Malam. "Zan iya ci gaba da karatu har ta fita dole, amma in zuciyarka tana kiranta, gobe za ta dawo. Kai za ka sallame ta."

Duhu ya fara haɗuwa a ƙasan akwatunan. Kafinta ya dubi hannun Auta da ke kan tabarma, ƙasa ta cika ƙarƙashin faratanta, fatar yatsun duk ta tsage saboda tono. Kwanaki yana zaune kusa da hannun nan bai gan shi ba sai yau. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ki tafi," ya ce. "Don Allah ki yafe mini ɗanki, ki bar mini tawa."

Sai muryar ta kawo sharaɗinta.

"Akwatin nan kabari ne. Kada a ƙara tona shi, kada a shuka komai."

"An yarda," in ji Malam.

"Kuma zan tafi da muryar. Ba daga bakin yarinyar kaɗai ba, har daga cikin kunnensa. Ni ban ji kukan ɗana na ƙarshe ba, shi ya ji, ya ce katako ne. To shi ma zai nemi muryarta ya rasa."

"Wannan ba haƙƙinki ba ne," Malam ya fara, amma Kafinta ya katse shi.

"Na yarda, Malam. Ta ɗauka."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta dawo ba, ta yi. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Kafin ya ɗora karatu, bakin yarinyar ya sake motsi, muryar marigayiya ta fito sau ɗaya, a gajiye, kamar dai kowace yamma ta shekarun baya.

"Baban Auta, ka shigar da yarinyar nan ciki. Sanyi ya fara sauka."

Ƙafar hagu ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Jikin Auta ya yi laushi a ƙirjin Gwaggo.

Ya ɗauke ta ya kai ɗaki ya kwantar. Gwaggo ta raka Malam ƙofa. Yana zaune a bakin gado yana goge mata yatsu da tsumma mai ɗumi, ta buɗe ido ta dube shi, ta ce tana jin yunwa, da muryarta ta kanta, siririya, ta yara.

"Baba, na yi mafarkin Mama. Tana ta magana, amma ban riƙe komai ba." Ta matso kusa da shi. "Yaya ma muryarta take? Ni na manta."

Ya buɗe baki zai gaya mata. Ya tuna fuskar, ya tuna tsayuwarta a gaban akwatin tumatir, ya tuna kalmomin da ta faɗa ɗazu ɗaya bayan ɗaya. Ya ga leɓɓanta suna motsi a cikin ransa, amma babu sauti ko kaɗan. Ya sake nema, ya sake, wurin shiru.

"Baba? Kuka kake yi?"

"A'a," ya ce, yana riƙe da hannunta da hannu biyu. "Ke dai yi ta magana, Auta. Ba ni labarin komai. Ina jin ki."