Fallayen da Nadir Ya Cire

Ƙafafunsa Gulsambar ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar jif da ta mace a ƙofar gidansu a Booni, maƙare da buhunan dankali. Mahaifinta, Ustad Zarmast, ne ya aiko ta da shayi mai gishiri, haɗe da saƙo: a faɗa wa direban nan ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci, ƙaurin ya iso har gadonsa.

Saurayin ya fito, fuska duk baƙin mai. Ya ce sunansa Nadir, mutumin ƙauyukan saman Yarkhun ne, kuma yana so ya gaida mai hancin nan. Kwana biyu ya yi yana sauya faifan kuloci, dattijon na yi masa faɗa ta taga. Shayin da ta kai masa kuwa ya fi ƙarfin ƙishirwar mutum ɗaya.

Bayan tafiyarsa sai ta tsiri shanya tuffa a kan rufin gida, don a can ne kawai waya ke kamawa. A can take karanta saƙon Nadir, ta mayar masa da amsa.

"Gul tawa, yau na hau gangaren Mastuj ba ƙauri. Ki faɗa wa Ustad. Sauran maganar kuma ke kaɗai ce da ita."

"Mai baƙin hannu, na faɗa masa. Ya ce ƙarya kake."

Da magabatan Nadir suka zo, Ustad ya juya fuska ga bango. Shi ma direba ne a da. Kamar kowa a wannan hanya, ya yi ta ƙara wa sifirin ɗin ƙarƙashin motarsa fallen ƙarfe a kan falle don ta ɗauki kaya ninki, har ta sandare kamar katako. Motar ta jure, bayansa ne bai jure ba. Yanzu ko asibiti za a kai shi, sai ya ciji hularsa don azabar girgizar mota. Matarsa ta rasu, Gulsambar kaɗai ta rage masa.

Ya fi son ta auri ɗan mai shagon yadin da ke bayan layinsu, wanda za ta iya leƙowa daga gidansa ko tukunya na kan wuta.

"Ba ƙin yaron nake ba, 'yata," ya ce mata. "In ya hau da ke can, ni da ganin ɗakinki sai a lahira. Wannan bayan nawa ba zai kai ni ba."

Ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta hau rufi ta rubuta wa Nadir maganar yadda take, ta yi kukanta, ta sauko ta dafa abinci.

Nadir bai amsa ba. Dankali ya ci gaba da saukowa a motocin wasu. Sai matar mai shagon yadi ta zo gaisuwa, ta saki labari cewa an ga jif ɗinsa a gareji a kan duwatsu, an kwance ta. Wai sayarwa zai yi ya tafi Karachi. Gulsambar ta yarda, kuma abin ya yi mata ciwon da ba ta iya faɗa wa kowa.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida, a hankali ƙwarai. Nadir ya shigo ya durƙusa, ya ce ba aure ya zo nema ba, so yake Ustad ya ɗana kujerar gaba zuwa gada kawai. Dattijon ya zage shi, sannan ya ce a ɗauko masa hula.

Gulsambar na baya tana jiran nishin da ta saba ji. Suka faɗa rami, motar ta lotsa ta ɗago a hankali. A kan gangare Nadir ya saki kuloci, ko girgiza ba ta yi ba. Hular tana kan Ustad, bai cire ta ba.

"Ka cire fallayen ƙari," ya ce. "Ka sa sabon shokazoba."

"Na cire, Ustad."

"To dankalin fa? Rabin kaya ma ba za ta ɗauka ba."

"Na sani."

Dattijon ya daɗe yana kallon kogi. "Kada ka sayar da fallayen, ɗana. In na mutu ka mayar. Ba za ka daɗe kana jira ba."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure. Ustad Zarmast ya hau Yarkhun a kujerar gaba, yana gyara wa ango tuƙi tun daga gida har ƙofar amarya. Ya shiga ɗakin 'yarsa, ya shafa bangon da tafinsa, ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙarfin baya.

Fallayen suna nan jingine a bayan ɗakin girki. Kullum Gulsambar ta fito ɗibar itace sai ta gan su, ta roƙi Allah ya sa su yi tsatsa a wurin.