Tsarabar Dubai a Gidan Makoki

Da hantsi aka kira Sufeto Liang, aka ce an tsinci gawa a wani sito a unguwar Baiyun, tsakanin dilolin shadda. Duk ƙarar da ta shafi Hausawan Guangzhou a kansa take faɗowa, don a Kano ya tashi, ubansa na aiki a masana'antar kwanuka a Sharaɗa. Hausa a bakinsa ras, shi ya sa 'yan kasuwa ba sa ƙaunarsa: ba dama a zage shi a gabansa.

Mamacin Munkaila ne, ɗan Maraɗi. An buge shi da ƙarfe a ƙeya, likita ya ce ya kwana biyu a wurin. Ba a ɗauki ko ƙyalle ba.

Shekarar wasannin Olympics ce. An tsananta biza, ana bi gida-gida, rabin mutanenmu sun koma zaman ɗaki kamar masu jego. Duk wanda Sufeto ya tambaya da Hausa sai ya amsa da Sinanci, "Meyo", wato babu. Matar mamacin, Salamatou, ita kaɗai ta buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, ku ba ni gawatai a rufe. Musulmi na kwance a firiji kamar kifi?"

"Sai an gama bincike, Hajiya. Da wa yake gaba?"

"Ghali, Bakano, mai shago a kasuwar Baima. Ran da kuka zo kame, ƙanenai Hadi ya diro ta taga, bayansa ya karye. Tun ran nan Ghali ke cewa maigidana ne ya tsegunta."

Sufeto da kansa ne ya jagoranci kamen nan.

A Baima, Ghali ya tare shi da fara'ar da ta yi yawa. Tun kafin a tambaya ya zaro fasfo ya ɗora a kan kanta.

"Yallaɓai, ina Dubai abin ya faru. Ga hatimin fita, ga na dawowa."

"Me ka je yi?"

"Shan iska. Na zaga kasuwar zinariya, na hau kwalekwale, na ci gasasshen kifi da shinkafar Larabawa a bakin teku. Yallaɓai, can ake rayuwa."

Hatimin ba shi da aibu. Amma bangon shagon cike yake da hotunan Ghali: ga shi a gaban dogayen benayen Tianhe, ga shi rungume da wani mai masana'anta, har da wanda ya ɗauka a jirgin ƙasa.

"Ina na Dubai?"

"Ban ɗauka ba."

Mutumin da ke ɗaukar hoto da kwanon taliya, wai ya je Dubai ya manta.

Sufeto ya koma gidan makoki. Tun daga ƙofa ƙamshin turaren Larabawa ya doke shi. A gefen Salamatou ga kwalba, ga kwalin dabino a leda mai rubutun Larabci.

"Wa ya kawo?"

"Lukman, maƙwabcinmu. Ya ce tsarabar Munkaila ce, ya sayo tun bai ji rasuwa ba. Yana miƙo min yana kuka."

Sufeto ya san Lukman. Bizarsa ta mutu tun bara, ko masallaci a ɓoye yake zuwa. Ya kuma san tsayinsu ɗaya da Ghali, gemunsu iri ɗaya.

Da Sufeto ya same shi a ɗakinsa, Lukman ya fara da ƙarya. "Ghali ne ya ba ni in kai."

"Ghali ya yi wa Munkaila tsaraba? Kawo wayarka."

Hoton farko ya isa: Lukman cikin farar jallabiya, teku a bayansa, yana dariya har kunne. Sai ya zube a kan tabarma.

"Shi ya ba ni fasfonsa da tikiti. Ya ce zaman ɗaki zai haukata ni, in je in huta. Masu duba fasfo kuwa duk fuskarmu ɗaya ce a wurinsu. Da na dawo ya sa na ba shi labari kaf, har abin da na ci. Ya ce kar hoto, kar tsaraba."

"Me ya sa ka saya?"

"Haba Yallaɓai! Munkaila ke kawo min abinci tun da na daina fita. In je Dubai in dawo masa hannu rabbana?"

A ofis Sufeto ya ajiye wa Ghali hoton da kwalbar. Ghali ya daɗe yana kallonsu, fara'ar ta gudu.

"Sakarai," ya ce. "Turare!"

"Kai ka kashe shi?"

"Ni ne. Hadi yana Kano a kwance, uwarmu ke juya shi. Wanda ya tsegunta kuwa yana yawo da ƙafafunsa. Ban yi nadama ba."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna a gabansa.

"Ni na ɗauki wayar ran nan, Ghali. Mai gidan hayarku ne ya kira, yana tsoron tara. Munkaila shi ya ɗauki Hadi a kafaɗa har motar asibiti, a gabana. Ba ka tambayi ƙanenka ba?"

Ko da aka sa wa Ghali ankwa bai motsa ba, sai da 'yan sanda suka ɗaga shi tsaye suka fita da shi.

Lukman aka sa shi a jerin waɗanda za a kora gida. Washegari aka ba Salamatou gawar mijinta. Turaren Dubai ɗin, shi aka shafa wa likkafani.