Littafin Da Ɓarawo Ya Bari

Ƙarfe takwas da rabi na safe sakataren ƙungiyar ma'aikatan jinya ya buga wa 'yan sanda waya. An fasa musu ofis.

Sufeto ya iso ya tarar da ƙaramin ɗaki, kujeru shida, da kabad ɗin ƙarfe a buɗe. Kwamfuta na nan. Hatimin ƙungiya na kan tebur.

"To me aka ɗauka?"

"Littafin miƙa aiki, yallaɓai. A ciki muke rubuta duk allurar da muka yi, da lokaci, da sa hannu. Wani dattijo mai ciwon suga ya rasu a wani asibiti, an yi masa allura fiye da ƙima. Gobe hukuma za ta zauna a kan Sistar da ke aiki ranar. In babu littafin, lasisinta ya tafi."

"Wannan da ke kabad fa?"

"Na watan baya ne. Biyu aka kawo, iri ɗaya. Ba shi da amfani."

Sufeto ya leƙa taga. Gilashin da aka fasa duk a waje ya zube. A kwandon shara kuwa ga safar hannu ta roba, an juye ɗaya an cusa ta cikin 'yar'uwarta, tsaf.

"Ɓarawon naku akwai tsafta."

Sakatare ya leƙa kwandon. "Haka ake koya mana cire ta."

"Makullin ƙofa nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a hannuna, ɗaya wurin Mama, shugabarmu. Amma yallaɓai, ko a mafarki..."

Sufeto ya ɗauki littafin da ya rage ya saƙale a hammata.

Mai asibitin likita ne mai furfura, kuma ransa a ɓace yake.

"Da hannuna na kai wa ƙungiyar littattafan, ko buɗewa ban yi ba, don kada a ce na taɓa. Shekara goma sha biyu ban ɗauki ma'aikaciya ba sai da takardar Mama. Su ke horar da su, su ke ja musu kunne. In ta ce wance ta iya aiki, magana ta ƙare. Na fi yarda da kabad ɗinsu a kan nawa."

"Mama tana zuwa nan?"

"Kamar gidanta. Rabin ma'aikatana 'ya'yanta ne."

Sista na gida tun da aka dakatar da ita. Sufeto ya same ta tana gugar farin kayan aiki, kayan da ba ta san ko za ta ƙara sawa ba. Idanunta sun kumbura.

"Ke kika yi wa dattijon allura?"

"Ni ce a kan aiki."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Mijinta da ke tsaye bakin ƙofa ya kasa daurewa. "Haba, ki faɗa masa mana! Yallaɓai, ranar 'yarmu ta faɗi a makaranta ta karye. Awa biyu ni da matata muna wurin mai ɗori."

"Wa ya riƙe miki ɗakin marasa lafiya?"

"Ba kowa."

"Sista, ke da aka ce ko ruwa ba kya fita sha sai kin bar wani a madadinki?"

Ta ci gaba da gugarta, dutsen guga na huci a hannunta.

Sufeto ya ajiye littafin a kan teburin gugar, ya buɗe a hankali. Sai ya tsaya cak. Kwanan watan da ke saman shafin na wannan watan ne. Ɓarawo ya yi gaba da tsohon littafi, ya bar wanda ya zo ɗauka.

Ya juya zuwa ranar. Rubutun Sista ƙanana ne, a jere kamar tururuwa. A tsakiyarsu, daidai ƙarfe goma sha ɗaya, ga wani rubutu manya-manya, yana hawa layi yana sauka.

"Hannun wa ne wannan?"

Sista ta dubi shafin, ta dubi Sufeto. "Dama... wanda ya yi satar, wannan ya so ɗauka?"

"Shi."

Ta ajiye dutsen gugar, ta zauna a ƙasa.

"Hannun Mama ne. Ta ce in yi shiru. Ta dafa kaina ta ce, 'yata, gobe zan miƙe gaban hukuma in faɗa da bakina. Ita ta koya mini riƙe sirinji, yallaɓai. Ita ta tsaya mini lokacin da wani asibiti ya so korata ina da ciki."

Sun sami Mama a zauren ƙungiya, tana koya wa sababbin mambobi aiki. Mace mai kwarjini, farin kaya ba ko ɗigo. Sufeto ya jira ɗaliban suka fita. Sista ta tsaya a bayansa tare da wata 'yar sanda.

"Mama, ina kike jiya da yamma?"

"Gida, ɗana. Makullina ma ya ɓace tun makon jiya."

"Allah sarki. Taimaka ki karanta mini watan da ke jikin littafin nan."

Ta karɓa. Ta kai shi kusa da hanci. Ta miƙa shi nesa. Ta karkata wajen hasken taga.

"Na watan baya ne," in ji ta.

"Na watan baya yana wurinki, Mama. Kin buɗe da makulli, kin fasa taga daga ciki, kin ɗauki wanda ba shi ba."

Littafin ya suɓuce daga hannunta.

"Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mini gani," in ji ta. "Ban faɗa wa kowa ba. Layukan sirinjin ne suka haɗe mini. Ni da na kori mutane saboda abin da bai kai wannan ba, in tsaya gaban 'ya'yana in ce na kashe mutum? Ita yarinya ce, na ce ko an karɓe lasisin za ta sami wata sana'a. Ni in aka cire mini farin kayan nan, me ya rage?"

Sista ta matso, hawaye na zuba.

"Da kin ce in ɗaukar miki, Mama, wallahi da na ɗauka. Amma ba ki tambaye ni ba. Sa ni kika yi ina jiran gobe."

Sufeto ya yi wa 'yar sandar alama. Ba a sa ankwa ba.

A bakin matakala Mama ta tsaya, tana laluben tudun farko da ƙafa. Ta miƙa hannu gefen da Sista take, kamar yadda ta saba.

Hannun ya daɗe a miƙe. 'Yar sandar ce ta kama shi.